Tsohon Tauraro a Kujerar Koci: Nazarin Aikin Patrick Ewing da Dawn Staley a Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

Tsakure

Jami'o'in Amurka sun daɗe suna ɗauko tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando su damƙa musu ragamar ƙungiyoyinsu, sau da yawa ma a jami'ar da ɗan wasan ya yi tashe yana ɗalibi. Idan abin bai yi kyau ba, sai a ɗora laifin a kan rashin gogewa. Wannan takarda ba ta gamsu da wannan bayani ba. Ta ɗauki Patrick Ewing, wanda ya shafe kusan shekara 15 yana mataimakin koci a gasar NBA kafin ya karɓi Georgetown a 2017, ya kuma bar ta da nasara 75 da faɗuwa 109. Ta jera shi da Dawn Staley, wadda ta karɓi Temple a 2000 ba ta taɓa horar da kowa ba, daga baya kuma ta ci kofin ƙasa sau uku da South Carolina. Matsayar takardar ita ce, abin da ke raba wanda ya dace da wanda bai dace ba shi ne inda ya koyi haɗa ƙungiya da riƙe ta, da kuma irin jami'ar da ya fara aiki a cikinta.

1.0 Gabatarwa

Ranar 2 ga Afrilun 1984, a birnin Seattle, Jami'ar Georgetown ta doke Jami'ar Houston da ci 84 da 75, ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka. Dogaye biyu ne suka tsaya ƙarƙashin kwando a daren: Patrick Ewing, haifaffen Kingston ta ƙasar Jamaika, da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Masu bin wasan a Nijeriya sun san Olajuwon ya rama bayan shekara goma, a wasannin ƙarshe na NBA na 1994. Abin da ya ja hankalina wani ne daban. Jami'o'in nan biyu kowacce ta wayi gari martabarta ta zube, kuma kowacce ta nemi magani a wuri guda: ta kira tsohon tauraronta ya dawo gida ya zama koci. Houston ta kira Clyde Drexler, abokin wasan Olajuwon, a 1998. Georgetown ta kira Ewing a 2017. St. John's ta New York, wadda ta kara da Georgetown a wasan kusa da na ƙarshe a 1985, ita ma ta kira Chris Mullin a 2015. Su ukun sunayensu na cikin zauren tarihin gwarazan wasan da ke Springfield, su ukun kuma sun sauka wasannin da suka faɗi sun fi waɗanda suka ci yawa: Drexler 19 da 39, Mullin 59 da 73, Ewing 75 da 109.

Bayani biyu aka saba ji. Na farko, wai wanda Allah ya ba baiwa ba ya iya koyar da ita, domin abin da yake yi cikin sauƙi bai san yadda ake wahalar koyonsa ba. Na biyu, wai an ɗora mutum a kujera bai taɓa zama yaron wani ba. Bayani na biyu ya zauna daram a kan Drexler, wanda ya tuɓe rigar wasa a 1998 ya karɓi aiki a shekarar, ya kuma dace da Mullin. Amma a kan Ewing duka biyun sun karye. Mutum ne da ya koyi wasan da gumi bayan iyayensa sun kai shi Amurka yana ɗan shekara 12, kuma ya yi yaron wasu tsawon shekarun da suka ishi kowa ya ƙware. To, me ya faru?

Takardar ta dogara ne a kan abin da kowa zai iya bincikawa: sakamakon wasanni kaka bayan kaka, da shekarun ɗauka da sallama, da dokokin hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i. Ta tsaya sosai a kan mutum biyu, ta leƙa wasu kaɗan domin auna abin da ta gano.

2.0 Sana'a biyu masu suna ɗaya

A cikin fili akwai bambanci tsakanin NBA da jami'a, amma ba shi da nauyi. Wasan NBA minti 48 ne, na jami'a 40. A NBA ƙungiya na da daƙiƙa 24 ta jefa ƙwallo, a jami'a 30. Kakar NBA wasa 82 ce, ta jami'a wasa talatin da 'yan kai. Duk wanda ya yi shekaru a benci zai gane waɗannan cikin 'yan makonni.

Nauyin yana wajen fili. A NBA akwai babban manaja da ma'aikatansa. Su ke zaɓo sababbin 'yan wasa, su ke ciniki, su ke rattaba hannu a kwantiragi. Koci na karɓar mutanen da aka ba shi, manya ne masu albashi, waɗanda takarda ta ɗaure. Mataimakin koci kuwa aikinsa ya fi haka ƙunci: ya nazarci bidiyon abokan hamayya, ya tsaya da ɗan wasa ɗaya ko biyu bayan atisaye yana gyara musu taku. A jami'a, koci shi ne manaja, shi ne mai zawarci, shi ne uban ɗaki. Shi zai zauna a zauren wasa na wata makarantar sakandare a watan Yuli yana kallon yaro ɗan shekara 16. Shi zai shiga falon gidansu ya fuskanci uwar yaron, wadda tambayarta ba ta dabarun tsaron gida ba ce. So take ta ji wa zai kula mata da ɗa, kuma ko zai fito da digiri. Idan yaron ya zo, dokar NCAA ta taƙaita aikin wasa na dole zuwa awa 20 a mako a lokacin kaka, kuma in makinsa na aji ya faɗi, ba zai shiga fili ba. Idan mataimaki ya karya doka, hukumar na ɗora alhakin a wuyan babban koci. Bayan duk wannan ga attajiran tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawa, su ma a gaishe su, a saurare su.

Sannan kiɗan ya sauya a daidai shekarun da muke magana. A watan Oktoban 2018 NCAA ta buɗe rajistar intanet inda ɗan wasa zai sa sunansa in yana son sauya jami'a, ba tare da neman izinin kocinsa ba. A Afrilun 2021 aka soke sharaɗin zaman shekara guda ba wasa ga mai sauya sheƙa karon farko. Daga 1 ga Yulin 2021 kuma aka halatta wa ɗalibi ya karɓi kuɗi ta hanyar sunansa da hotonsa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, koci ba ya gama zawarci. Yaron da ya kawo bara, bana ma sai ya sake lallashinsa ya zauna.

3.0 Ewing: ɗan gida ya dawo

Ba za a fahimci dawowar Ewing ba sai an fahimci John Thompson, mutumin da ya rene shi. Thompson shi ne baƙar fata na farko da ya ci kofin babban rukunin jami'o'in Amurka yana babban koci, a wancan daren na 1984. An san shi da farin tawul a kafaɗa, da kuma wata ƙwallo da aka sace wa iska wadda yake ajiyewa a ofishinsa, domin duk ɗalibin da ya shigo ya tuna cewa wata rana iskar za ta fita, sai abin da ya karanta ya rage masa. Shi ya tsaya wa Ewing a shekarun da 'yan kallon wasu jami'o'i ke ɗaga kwalaye masu cin mutuncinsa saboda launin fatarsa. Tare suka je wasan ƙarshe sau uku cikin shekara huɗu: 1982, 1984 da 1985.

Daga nan Ewing ya zama zaɓi na ɗaya a 1985, ya yi kaka 15 da New York Knicks, ya ci zinaren Olamfik sau biyu, ya yi ritaya a 2002. Abin da ya yi bayan ritaya ya cancanci a jinjina masa. Taurari irinsa kan koma sharhi a talabijin ko su huta. Shi kuwa ya ɗauki allo ya zauna a layin mataimaka: Washington, Houston inda ya yi aiki da Yao Ming, Orlando inda ya yi aiki da Dwight Howard, sannan Charlotte. An sha kiransa ganawa domin kujerar babban koci a NBA, ba a taɓa ba shi ba, alhali ana ba waɗansu da ba su yi rabin zamansa a benci ba. Shi da masu goyon bayansa sun daɗe suna kokawa cewa ana yi wa dogayen 'yan wasa kallon masu ƙarfi, ba masu tsara wasa ba, kuma a ganina koken yana da tushe. Don haka lokacin da Georgetown ta sallami John Thompson na uku, ɗan tsohon kocin, a Maris ɗin 2017 bayan kaka biyu a jere na faɗuwa, ta kira Ewing a farkon Afrilu, mutane da yawa sun ga haƙuri ne ya biya.

Sai dai a duba abin da aka ba shi. Jami'a ce da ta taɓa ɗanɗana kofi, masoyanta na auna kowace kaka da ma'aunin 1984. Tana cikin rukunin Big East, ɗaya daga cikin mafi zafi a ƙasar, inda Villanova ta ci kofin ƙasa a 2016 ta kuma sake ci a 2018. Shi kuwa rabonsa da harkar jami'a tun 1985. Bai taɓa zawarcin yaro ko ɗaya ba. Ba shi da hulɗar shekaru da masu horar da matasa a Washington da Maryland da Virginia, yankin da ke fitar da 'yan wasa masu yawa, waɗanda kalmarsu ke da nauyi wajen inda yaro zai je. Ranar tafiya aka miƙa masa gora aka ce ya fafe.

Farkon bai yi muni ba. Kakar farko ya tashi 15 da 15, ta biyu 19 da 14, da wasu sababbin yara masu ƙwazo. Ana sa ran kaka ta uku ce za a girbe. A watan Disambar 2019, cikin makonni biyu, 'yan wasa huɗu suka bar ƙungiyar, ciki har da mai raba mata ƙwallo. Bayan kakar, Mac McClung, wanda ya fi kowa jefa ƙwallo a kwando, ya koma Texas Tech. A nan ne ciwon ya fara bayyana, kuma bai warke ba har ƙarshe: Ewing na iya kawo yaro, riƙe shi ne ya gagara.

3.1 Kwana huɗu a New York

A ƙarshen Agustan 2020 John Thompson ya rasu. Kafin fara kakar da ta biyo baya, masu horarwar Big East sun yi hasashen Georgetown ce za ta zo ta ƙarshe. Ta shiga gasar kofin rukunin a Maris ɗin 2021 tana ta takwas. Ana buga gasar ne a Madison Square Garden, zauren da Ewing ya yi shekara 15 yana zubar da gumi, inda lambarsa 33 ke rataye a sama. A makon ne ya fito gaban 'yan jarida yana kokawa cewa masu gadi na tsayar da shi suna neman ya nuna katin shiga. An ɗauki maganar abin raha, amma ni abin da na gani a cikinta shi ne, suna ma yana tsufa. Idan mai gadi a zauren da lambarka ke rataye bai shaida ka ba, ina ga yaron da aka haifa bayan ka yi ritaya?

Sai ga shi cikin kwana huɗu Georgetown ta doke Marquette, ta doke Villanova da maki ɗaya tak, ta doke Seton Hall, sannan ta lallasa Creighton da ci 73 da 48. Ranar 13 ga Maris ce, shekara 49 cif da ranar da jami'ar ta ɗauki John Thompson aiki. Ina roƙon masu karatu su riƙe waɗannan kwanaki huɗu, domin su ne hujjar da ta rushe zancen cewa Ewing bai san aikin cikin fili ba. Wanda bai iya tsara tsaro ba, bai iya karanta abokin hamayya cikin dare ɗaya ba, ba zai ci wasa huɗu a jere a irin wannan gasa ba. Abin da shekarun NBA suka koya masa ke nan, kuma ya nuna ya iya.

Amma kwana huɗu aikin koci ne na cikin fili. Wata goma sha biyu kuwa aikin mai gina ƙungiya ne.

3.2 Rushewa

Mako guda bayan haka Colorado ta fitar da su a zagayen farko na gasar ƙasa da ci 96 da 73. Manyan ɗaliban da suka ɗauki nauyin ƙungiyar suka tafi. Qudus Wahab, ɗan Nijeriya mai tsayawa ƙarƙashin kwando, wanda ke wasa a gurbin da Ewing ya fi kowa sani a duniya, ya koma Maryland. Idan dogon ɗan wasa zai bar hannun Patrick Ewing, to matsalar ba ta koyarwa ba ce. Ewing ya kawo Aminu Mohammed, shi ma haifaffen Legas kamar Olajuwon, ɗaya daga cikin fitattun matasan shekararsa. Kaka ɗaya ya yi ya tafi neman shiga NBA. Kakar 2021 zuwa 2022 ta ƙare 6 da 25, kuma a wasanni 19 na cikin rukuni ba su ci ko ɗaya ba.

A wata jami'ar, nan aikin zai ƙare. Georgetown kuwa sai daraktan wasanninta ya fitar da sanarwar goyon baya, aka yi wa mataimaka garambawul, aka ciko ƙungiya da masu sauya sheƙa, har Wahab ya dawo. Sakamakon ya zama 7 da 25. Jerin faɗuwarsu a wasannin kaka na Big East ya kai 29, adadin da ba a taɓa yi ba a tarihin rukunin kafin lokacin, kafin su doke DePaul a Janairun 2023. Babban zauren da suke wasa a tsakiyar Washington, mai cin mutum kusan dubu ashirin, ya koma kujeru ba kowa. Ranar 9 ga Maris, 2023, aka raba gari.

A nan akwai illar da ba a cika faɗa ba game da ɗauko ɗan gida. Kunya na shiga tsakanin ma'aikata da ma'aikacinta. Wa zai dubi idon mutumin da ya kawo wa jami'a kofinta ɗaya tilo ya ce masa mataimakansa ba su isa ba? Gyaran da ya kamata a yi a 2019 sai aka yi shi a 2022. Ƙaunar da ta kawo shi ita ta hana a taimake shi da wuri, ita ce kuma ta bar shi ya ƙara kaka guda yana shan abin da bai kamata gwarzo irinsa ya sha a gidansu ba.

4.0 Staley: wadda ta fara daga inda ba a kallo

Dawn Staley ta tashi a wata unguwar talakawa a arewacin Philadelphia, ta yi Jami'ar Virginia, ta ci zinaren Olamfik sau uku, a 1996 da 2000 da 2004. A shekarar 2000 daraktan wasannin Jami'ar Temple, Dave O'Brien, ya neme ta ta karɓi ƙungiyar mata. Da farko ta ƙi. Shekararta 30 ba ta cika ba, tana tsakiyar wasanta da Charlotte Sting, kuma ba ta taɓa zama ko mataimakiya ba. Da ta amince, sai ta haɗa biyun: da bazara tana wasa a gasar ƙwararrun mata ta WNBA, da hunturu tana horarwa, haka har ta yi ritaya a 2006.

Bisa bayanin rashin gogewa, ita ce ya kamata ta fi kowa faɗuwa. Amma a dubi inda ta fara. Temple ba jami'arta ba ce, ba wanda ke jiran ta dawo da wata tsohuwar ɗaukaka. Ƙungiyar mata ce da ta daɗe ba ta yin abin kirki, a rukunin da bai kai manya zafi ba, ba kyamarorin ƙasa a kanta. Garinsu ne kuma, ta san unguwanni, ta san iyaye, yaran kuma na ganinta a talabijin tana wasa a lokacin, ba labari ake ba su ba. A zaure ɗaya take aiki da John Chaney, dattijon kocin maza na Temple, mai atisayen asuba. Nan ta yi kurakuranta ba wanda ya ƙirga mata. Cikin shekara takwas ta ci wasa 172 ta faɗi 80, ta kai ƙungiyar gasar ƙasa sau shida.

Ko da ta koma South Carolina a 2008, ba ta tarar da shimfiɗa ba. Kakar farko 10 da 18, ta biyu 14 da 15. A 2010 fitacciyar 'yar wasan da ta sha wahalar kawowa, Kelsey Bone, ta bar ta bayan kaka ɗaya ta koma Texas A&M. Irin dukan da Ewing ya sha ke nan. Bambancin shi ne, ya same ta bayan ta yi shekara goma tana sana'ar, ta san ba a gina gida a kan mutum ɗaya. Sai a kaka ta huɗu ta shiga gasar ƙasa. A 2014 ta shawo kan A'ja Wilson, ta ɗaya a matasan ƙasar, 'yar wani gari kusa da jami'ar, ta zauna gida. A 2017 suka ci kofi, a 2022 suka sake.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta 2024. Bayan kakar 2023, duka 'yan wasa biyar da ke fara mata wasa sun tafi. Abin da ya sami Ewing bayan 2021 ke nan, har ma ya fi. Staley ta juya ga waɗanda ta riƙe a benci shekara biyu da uku suna jiran lokacinsu, ta ƙara da masu sauya sheƙa 'yan kaɗan da ta zaɓa a tsanake, ta ci wasa 38 ba faɗuwa ko ɗaya, ta doke Iowa da ci 87 da 75 a wasan ƙarshe. A zamanin da kowa ke iya tafiya duk sa'ad da ya ga dama, ƙwararrun yara sun yarda su zauna mata a benci. Wannan ita ce sana'ar, kuma a Temple ta fara koyonta.

Adalci ya sa a faɗi cewa fagen mata da na maza ba ɗaya ba ne. Dokar WNBA ta sa yawancin 'yan wasan Amurka na yin shekara huɗu a jami'a, yayin da namiji ke iya tafiya NBA bayan shekara ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa wa Staley wani ɓangare na aikin. Amma dokar sauya jami'a ɗaya ce ga maza da mata, kuma yawancin waɗanda suka bar Ewing ba NBA suka tafi ba, wasu jami'o'in suka koma.

5.0 Awo da wasu misalai

Sauran misalan tsofaffin 'yan wasan NBA da suka zama koci a jami'a ba su saɓa ba. Kevin Ollie ya yi shekara biyu yana mataimakin Jim Calhoun a Connecticut kafin ya gaje shi, ya ci kofi a 2014, kodayake aikinsa ya ƙare da rikici a 2018. Hubert Davis ya yi shekara tara ƙarƙashin Roy Williams a North Carolina, ya kai wasan ƙarshe a kakarsa ta farko a 2022. Fred Hoiberg ya karɓi Iowa State a 2010 bai taɓa horarwa ba, ya kai ta gasar ƙasa sau huɗu a jere. Amma daga ofishin Minnesota Timberwolves ya fito, inda aikinsa tantance 'yan wasa ne da haɗa ƙungiya, kuma da masu sauya sheƙa ya yi gininsa tun kafin abin ya zama yayi. Juwan Howard shi ya fi kama da Ewing: shekara shida yana mataimaki a Miami Heat, sai ya dawo Michigan a 2019. Ya ɗauki Phil Martelli, wanda ya yi shekara 24 yana babban koci a jami'a, ya zauna kusa da shi, kuma a 2021 aka zaɓe shi kocin shekara. Da waɗanda ya gada suka ƙare, gininsa na kansa bai tsaya ba; ya tashi 8 da 24 a 2024 aka sallame shi.

6.0 Matsayar takarda

Misalin da ya fi dacewa Georgetown ta duba yana cikin gidanta. John Thompson shi ma tsohon ɗan wasan NBA ne, ya yi kaka biyu da Boston Celtics yana bayan Bill Russell. Da ya bari a 1966 bai nufi jami'a ba. Makarantar sakandare ta St. Anthony a Washington ya je, ya yi shekara shida yana horar da yaran unguwa, ya san iyayensu da malamansu. A 1972 ya karɓi Georgetown da ta ci wasa 3 ta faɗi 23 a kakar da ta gabata, ba wanda ke jiran kome daga gare ta. Shekara 12 ya yi kafin ya ɗaga kofi. Hanyar da Staley ta bi ke nan kusan taku da taku. Jami'ar ta riƙe sunan Thompson da tawul ɗinsa da 'ya'yan gidansa, ta manta yadda aka yi ya zama Thompson.

Saboda haka ban ɗora wa Ewing kaso mafi girma na laifin ba. Ya yi abin da ake cewa a yi, ya ƙasƙantar da kai ya koyi aiki, sai dai aikin da ya koya ba shi aka ɗauke shi yi ba. NBA, inda ya cancanci a gwada shi, ta rufe masa ƙofa. Jami'a, inda bai shirya ba, ta buɗe masa tata domin tana bukatar sunansa ya kwantar da hankalin masoya. Kirana ga masu ɗaukar koci shi ne su daina tambayar tsohon tauraro shekara nawa ya yi a benci, su tambaye shi yaro nawa ya taɓa shawo kansa da kansa, kuma nawa ne suka zauna. In amsar babu ce, a ba shi mataimakan da suka tsufa a harkar tun ranar farko, ko a bar shi ya fara a inda kuskure ba ya zama labarin ƙasa. Ga masu bincike kuma, akwai bukatar a ƙirga yawan ɗaliban da ke barin irin waɗannan masu horarwa kaka bayan kaka, a kwatanta da na sauran, domin a nan nake zaton alƙaluman za su fi yin magana.

Kwana goma sha ɗaya bayan tafiyar Ewing, Georgetown ta ɗauki Ed Cooley daga Providence. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 yake shiga gidajen mutane yana neman 'ya'yansu.